Kalmar Farko ta Kumatu

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, kuma ƙafar nan ta daina kumbura in kin daɗe a kan keken ɗinki. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. Yau kwana ashirin da uku da na ajiye miki 'yata na taho wannan karatun jinya, kada ki yi dariya, ƙirga su nake yi. Saura wata biyar da 'yan kwanaki.

Ɗakin da aka ba ni gado ɗaya ne da tebur, tagarsa tana kallon bayan asibiti inda ake shanya zannuwan gado. Aiki kuwa ɗakin yara aka tura ni. Kin ga abin haushi ko? Na bar tawa mai wata bakwai, na zo ina lallashin 'ya'yan mutane daga safe har la'asar.

Malamarmu wata doguwar mata ce da ba ta dariya, amma duk darasinta a kan wasa yake. Ta ce jariri da wasa yake koyon komai, riƙo da zama da magana. Don haka ga abin da nake so ki riƙa yi. Ki kwantar da ita rub da ciki a kan tabarma, ki ajiye wani abu a gabanta inda sai ta yi miƙa za ta taɓa. In ta yi gwaranci ki amsa mata kina kallon idonta, sannan ki yi shiru ki jira ta mayar miki. Kada ki bar ta a goye yini guda don kina sauri.

Na ba direban da ke kawo miki yadi wani kwali. Abin wasa ne mai batir, yana kiɗa yana kunna fitila kala uku. Na daɗe a shagon kafin na zaɓe shi. In kin ba ta ki ce daga Umma ne.

Babanta ya ce aikin hanyar da suke yi ya ƙara nisa, sai ƙarshen wata zai leƙo ku. Ki rubuto min komai, har abin da kike gani ba komai ba ne.

Ƙanwarki.

*

Malama,

Amin wa alaikis salam. Ƙafa da sauƙi, gida lafiya, yarinya lafiya. Na kai ta awo, nauyinta ya ƙaru, haƙori biyu sun leƙo a ƙasa, duk abin da ta samu sai ta gwada su a kansa, har gwiwata.

Na karanta darasinki, Allah ya ƙara ilimi. Ni da na rene ki tun kina tsumma, yau ni ake koya wa riƙon jariri a takarda. Ki gaida min doguwar malamar, ki ce duk abin da ta faɗa muna yi, sai dai ba mu san yana da littafi ba.

Kwalinki ya iso. Na kunna abin a gabanta, fitila ta haska, kiɗa ya tashi, sai ta zare ido ta tsala ihu, da ƙyar na lallashe ta. Yana kan kabad yanzu. Kwalin kuwa ya samu karɓuwa. Ta buga shi, ta ja shi, ta kifa shi a kai, jiya har ciki na same ta a zaune kamar mai jiran mota.

Ga yadda yininmu yake. Ina shimfiɗa mata tabarma a gefen keke, nesa da allura da maɓalli, kada hankalinki ya tashi. Na ba ta gwangwanin madara da manyan bututun zare guda huɗu waɗanda zarensu ya ƙare. Ta zuba su ciki ɗaya bayan ɗaya, ta kifar, ta sake. Sai ta yi rabin awa a kan wannan tana ɗaure fuska kamar mai shago. Akwai kuma wasan ludayi. Ta jefar, in ɗauko, ta jefar, in ɗauko, tana ƙyalƙyala dariya tana kallon inda ya faɗi. Shekaranjiya na ƙirga sau goma sha tara, bayana ne ya ce a tsaya.

Ta fara rarrafe. Ba kyakkyawan rarrafe ba, ƙafa ɗaya take ja, amma tana zuwa inda take so, kuma inda take so ɗin yawanci ƙafata ce. In na tsayar da keke sai ta yi min tsawa in ci gaba. In na fita tsakar gida ta ji muryata, sai ta hau rawa daga zaune. Masu kawo ɗinki duk sun san ta, Kumatu suke ce mata, ni na fara, don in kin ga fuskar yanzu ba za ki ga komai ba sai su.

Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ni na yi mura ta kwana uku, ta wuce.

Wasiƙarki ta zo, na karanta a tsaye a bakin ƙofar ɗakin yara, na kuma ji abin da ban so in ji ba. Zan faɗa miki gaskiya tunda babu wanda zan faɗa wa. Kishi nake ji. Ta yi haƙori ban gani ba, ta yi rarrafe ban gani ba, kuma rarrafen ma ƙafarki take nufa. Har suna kun canza mata. Wace ce Kumatu? Ni ba Kumatu na bar miki ba. Abin da na yi yawo na zaɓa yana kan kabad yana shan ƙura, gwangwaninki shi ne ɗan gaban goshi.

Na san abin da kike yi daidai ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na ba malamarmu labarin gwangwani da ludayi, ina jira ta ce da gyara, sai ta ce wannan matar ta fi rabin ajin nan sanin aiki. Ta sa na maimaita a gaban kowa. Na maimaita ina murmushin dole.

Akwai wata jaririya a gado na shida, uwarta na kwance a wani ɓangaren. Da ta hango ni sai ta miƙo hannu. Ina ɗaukar ta ina jin kamar sata nake yi, ina kuma tunanin haka tawa take miƙa miki.

Ranar Talata malama ta kawo ƙwallo da kofi. Ta nuna wa wani jariri ƙwallon, ta kifa kofi a kai, sai yaron ya juya kai abinsa, bai ko nema ba. Ta ce a wajen ƙaramin jariri abin da ido bai gani ba ya ƙare, sai a hankali yake gane cewa yana nan a ƙarƙashin kofin. Kowa yana rubutawa, ni na tashi na shiga banɗaki na sha kuka. Ni ce ƙwallon nan, Yaya.

Kin cika shafi biyu, amma ba ki ce tana nema na ba ko sau ɗaya. Tana nema na? Kada ki yi min ƙarya don ki faranta min.

Ƙanwarki.

*

Malama,

Gaisuwa a gurguje, direba yana tsaye yana danna min oda. Motarsa ce ta lalace, ya yi mako shida bai biyo ta nan ba, shi ya sa kika ji shiru. Duk muna lafiya, tana tsayuwa da ƙafar tebur.

Albishirinki. Kumatu ta yi magana. Kalmarta ta farko: gata. Safe da yamma ba ta da zance sai gata, ta faɗa ta juyo ta kalle ni ta ɓangale baki. Ni na koya mata, kullum sai mun yi, don ya kamata yaro ya san abin da yake da shi. Sauran bayani sai kin zo kin gani da idonki, ba zan ɓata miki shi a takarda ba.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Mako shida ina zuwa tasha ina dawowa hannu rabbana, sannan abin da zan samu ke nan. Duk kalmomin da ke duniya, ba Umma ba, ba Baba ba, ba ruwa ba, sai gata. Kin zauna kullum kina koya wa yarinyar da ba ta cika shekara ba cewa ta samu gata. A wajen wa? Ai kin faɗa da kanki, ta faɗa ta juyo ta kalle ki. Wato kafin ta zo hannunki marar gata ce, uwarta ta yar da ita ta tafi neman takarda. Na yi miki tambaya ɗaya tak, ko tana nema na, amsar da kika ga ya dace ke nan.

Na san masu kawo ɗinki suna zaune suna ji, suna cewa Allah sarki, ai gara da ta samu mai riƙe ta. Na san irin dariyar da kike yi in an faɗi haka, kina kaɗa kai kamar ba ki so. Tun muna yara haka kike, duk abin da na ce nawa ne sai kin fi ni iya shi. Kin fi ni iya girki, kin fi ni iya magana da mutane, yanzu kin fi ni iya 'yata.

Ban ba ki ita kyauta ba, Yaya, ajiya ce. Na gode da wahalar da kika sha, Allah ya saka, amma ya isa haka. Akwai gidan renon yara a bayan asibitin nan, na je na gani, na yi magana da mai wurin. Za ta yini can, in ɗauko ta da yamma. Na rubuta wa babanta, ya yi ta ja da ni, a ƙarshe ya ce zai biyo ranar Asabar ta sama ya ɗauko ta. Ki haɗa mata kayanta da katin awo. Abin da ke kan kabad ma ki sako.

Gara ta yi kuka a hannuna da ta yi dariya tana mantawa da ni.

Ƙanwarki.

*

Uwar yarinya,

Ga 'yarki nan, lafiyarta ƙalau, babanta shaida ne. Katin awo yana aljihun gaba na jaka. Tana barcin rana bayan azahar, ba ta son a rufe mata ƙafa. Ayaba a murƙushe take so, ba a yanke ba. In za ki cire mata riga ki fara da hannun hagu, in ba haka ba za ku yi faɗa. Kayan wasanta suna can ƙasan jaka a ɗaure.

Ajiya ta koma hannun mai ita.

Yayarki.

*

Yaya,

Sallama. Ina gaishe ki, ina kuma tambayar ƙafa, ko da yake na san ba ni da bakin tambaya. Yau kwananta tara a nan. Jikinta lafiya, cin abinci ne ya ragu.

Ranar da babanta ya kawo ta, na ruga na miƙa hannu, sai ta ƙura min ido ta daɗe, kamar tana son tuna inda ta san ni, sannan ta cusa kai a wuyansa. Da ya tafi ta yi kuka har muryarta ta dushe. Bayan nan sai shiru. Kwana huɗu ko gwaranci babu. A gidan reno suka ce tana zama inda aka ajiye ta. Na kunna mata abin nan mai fitila, ta juya masa baya. Ƙullin kayan wasan kuwa ban kwance ba, na tura shi ƙarƙashin gado, kin san dalili.

Rana ta biyar da safe ina shirin fita, na zaunar da ita a kan gado, na wanke fuska a kwano, na ɗauki tawul na rufe fuska ina gogewa. Ina sauke tawul ɗin na ji wata 'yar murya ta ce, "Ga ta." A hankali, kamar tana tambaya. Na tsaya da tawul a hannu. Na mayar da shi fuska, na sauke. Ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Ga ta!" ta fashe da dariya har ta faɗi ta baya a kan filo.

Na ajiye tawul ɗin. Na durƙusa na jawo ƙullin, na kwance. Gwangwani, bututun zare, ludayi, sai wani abu a naɗe cikin shuɗin ƙyalle. Hotona ne, wanda na ɗauka don takardun makaranta na bar miki ragowar. Kin manna shi a jikin kwali mai kauri. Gefunan duk tabon haƙori, fuskar ta koɗe saboda taɓawa. Tana gani ta rarrafo, ta ja ƙyallen ta rufe shi da kanta, ta janye, ta ce ga ta, ta kalli hoton, ta kalle ni, ta sake kallon hoton.

Na ciro wasiƙarki na sake karantawa. Kalma biyu ce kika haɗe, ni kuma na zuba mata duk dafin da ke cikina. Ni mai karatu, ni da na zauna a aji aka nuna min ƙwallo da kofi. Na tambaye ki ko tana nema na, ke kuma kika tashi kika koya mata nema na. Ban je aiki ba ranar. Na zauna a ƙasa muna rufewa muna buɗewa, tana dariya ina kuka.

Ki yafe min, Yaya. Maganar ajiya da na faɗa, da za a iya tsince ta daga takarda da na tsince.

Amma ba wannan kaɗai ya sa na rubuto ba. Tun ranar ta saki jiki da ni, tana cin abinci a hannuna, ta yarda in cire mata riga. Sai dai ta ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Tana bin ɗakin nan da rarrafe tana ɗaga duk wani ƙyalle. Ta ɗaga labule ta leƙa. Ta ɗaga zanen gado. Jiya ta ɗaga rigar aikina da ke rataye a kujera, ta leƙa ƙarƙashi, ta daɗe, ta sake ta. Ba ta cewa komai. Na san wadda take nema, kuma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu abin yana sukata. Amma yanzu na san ciwon nata ne kafin ya zama nawa.

Ki aiko min da hotonki ta hannun direba, in yi mata yadda kika yi. Ko kuma ki rufe shago kwana biyu ki zo. Gadon ƙarami ne, ni zan kwana a ƙasa.

Ƙanwarki.

*

Malama,

Amin. Ƙafa tana nan yadda take, ɗinki ya yi yawa, gida shiru. Na ji daɗi da ta koma cin abinci. Ki riƙa ba ta cokali ta riƙe nata kina ba ta da naki, ta fi ci a haka.

Wasiƙarki ta fushin nan sau uku na karanta ta kafin na gane inda kika karkata. Ni yadda take faɗa na rubuta, a haɗe, da numfashi ɗaya. Da na gane sai na yi dariya ni kaɗai, na ɗauko biro zan warware miki, sai idona ya sake faɗawa kan ajiya. Na ajiye biron. Layi ɗaya ya isa ya hana yarinyar nan kwana huɗu na shiru, na ƙi rubuta shi don zuciya. Don haka kada ki ɗauke laifin duka, ki bar min rabona. Na yafe miki, ke ma ki yafe min.

Tunda ana faɗar gaskiya, ga tawa. Kina tsammanin ke kaɗai kika san kishi? Ni ke tashi in wanke ta, ni ke share mata majina, ni ke ɗauko ludayi har bayana ya ƙage. Amma dariyar da take yi in na janye ƙyallen nan daga fuskarki, ni ba ta taɓa yi min irinta ba. Takarda ce fa, ba ta goyo ba ta lallashi. Akwai lokacin da na jefa hoton cikin aljihun keke kwana uku, na ce mu ga ko za ta damu. Ta yi ta jan shuɗin ƙyallen tana kallona. Na ji kunya na fito da shi. Kuma har ta bar gidan nan ba ta da sunan da take kira na da shi, don ban taɓa ɓacewa ba balle a neme ni.

Yanzu kin ce tana ɗaga labule. Na karanta wurin nan na ji daɗi, Allah ya yafe min, daɗi sosai na ji. Shi ya sa ba zan aiko da hoto ba, kuma ba zan zo yanzu ba. In ta gan ni a ƙofar nan za ta sake ki ta taho, ke ki tsaya kina kallo, mu koma inda muka fito. Kwana tara kacal kuka yi. Ba ta gama riƙe ki ba.

Ki zauna da ita a ƙasa kullum in kin dawo, ko da kin gaji. Ki ba ta gwangwaninta. In ta jefar da ludayi ki ɗauko, kada ki ƙirga. In ta ɗaga labule ta leƙa, ki zagaya ta baya ta same ki a wurin. Ki bar ta ta manta da ni kaɗan.

Ranar da ta daina dubawa, ki rubuto min. Sai in rufe shago in zo.

Yayarki.